Haihuwa Mai Rana

A gidan Bahaushe na gargajiya akwai yaro guda da uwarsa ba ta kama sunansa, shi ne ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an kawo ƙararsa ba ta tsaya masa, in kuwa ya yi abin kirki sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Sau da yawa ana yaye shi kaka za ta ɗauke abinta, ya tashi a ɗakinta, har ya yi wayo bai tantance wace ce ta haife shi ba. Uba ma yana da tasa kunyar, ko da yake ba ta kai ta uwa ba. Fulani kam sun fi kowa riƙo da wannan al'ada. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda matan zamaninta ke kunyar ɗan fari. Zaman birni da karatun boko sun sassauta abin, amma a garin Gure na jihar Damagaram a Nijar da ƙauyukan da ke kewaye da shi, a gidajen Hausawa da rugagen Fulani, har gobe za ka ji uwa na cewa "yayanku", ko "mai sunan Malam", ko kuma "wancan yaron".

To, wannan yaron da ba a kama sunansa, shi ne wanda guminsa ke fara shiga tukunyar gidan. Shi ne zai fara riƙe hauya a bayan uba, shi ne zai fara fita cin rani, shi ne zai fara aiko da 'yan kuɗi. Ranar da hakan ta faru zuciyar iyaye takan cika fal, alhali al'ada ta ɗaure musu harshe. Yadda suke warware wannan ƙulli, da abin da godiyar tasu ke jawo wa yaron na alheri da na nauyi, shi ne zancenmu a nan.

Sai mutum ya san ƙasar Gure kafin ya gane darajar jika goma a hannun dattijo. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Maraɗi da Damagaram, ta nufi Difa. Daga Damagaram tafiyar kusan kilomita 170 ce gabas, a wuce Gidimuni da tafkinta, a wuce Gidigir. Arewa da garin akwai Kelle da duwatsun Kutus, sai Tesker da ƙasar makiyaya. Kudu akwai Bune, daga nan sai iyakar jihar Yobe. Mangawa, waɗanda reshe ne na Barebari, su ne suka fi yawa, ga Hausawa, ga Fulani, ga Tubawa da Buzaye da Larabawa. Tsohon gari ne mai sarauta: lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya yada zango a nan cikin watan Disamba na 1852, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, Gure ce fadar Muniyoma Koso, sarkin Muniyo.

Ruwan sama a nan ba ya nisa da milimita 300 a shekara, kuma cikin wata uku yake zubar da abin da zai zubar ya ɗauke. Geron da aka noma a jigawa, a gidaje da yawa, ba ya kai mutane wata daminar. Abin da ke rufa asiri shi ne dabba da kwari. A cikin kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayi ruwa yana kusa, ana samun dabino da goriba, ana noma rogo da rake da albasa, ana kwasar kanwa. Su ma rairayi na ci gaba da binne su. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan yanki na Muniyo da Mangari suke barin gida da rani su tare a wuraren dafa gishirin manda da kwasar kanwa, fatake na saye suna kaiwa Kano da gaba da Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 sai hanyar kudu ta ƙara buɗewa. Ashe ke nan fitar saurayi neman abin da zai cike giɓin rumbu tsohon abu ne a wannan ƙasa. Abin da ya canza shi ne hannun da ke bayarwa da hannun da ke karɓa.

A tsarin gandu na da, uba ne mai bayarwa. 'Ya'ya maza suna yi masa aiki a babbar gona yawancin kwanakin mako, sauran lokacin kowa ya koma 'yar gonarsa, wadda a Najeriya ake kira gayauna, a Nijar kuma gamana. Shi kuma maigida ya ciyar, ya biya harajin kowa, ya sayi kayan aiki, ya yi wa saurayi auren fari. Babu wanda ke bin wani godiya, aiki ne da hakki, kowa ya san nasa. Fari ya zo ya karya ƙashin bayan wannan tsari. Na 1973 da 1974 ya kwashe dabbobi, na 1984, wanda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ya ƙarasa abin da ya rage. Aka sake shan wuya a 2005, aka sake a 2010, shekarar da makiyayan arewacin Gure suka yi asarar dabbobi mai yawa. Gonaki kuma suna ta tsukewa saboda rabon gado. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 17 a Nijar, jihar Damagaram ce ta fi kowace yawa da kimanin miliyan uku da rabi, kuma kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiya na wannan shekarar ya nuna mace guda kan haifi 'ya'ya fiye da bakwai. Fansho kuwa na ma'aikatan gwamnati ne da na kamfanoni, su kuma 'yan ƙalilan ne. Manomi da makiyayi da mai saƙar tabarma ba su da wata fansho sai abin da suka haifa.

Saboda haka ranar da saƙon farko ya iso babbar rana ce, kuma tana da yadda take gudana. Yaro yana Kano yana turin ruwa, ko yana Damagaram yana kabu-kabu da babur ɗin wani, ko an ɗauke shi malamin kwantiragi an jefa shi wani ƙauye. Ba zai kira uba kai tsaye ba, sai ya kira ƙaninsa ko kawunsa ya karanto lambar sirri, a rubuta a bayan kwalin shayi. Da safe dattijo zai sa rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa a cikin leda, ya nufi ofishin aika kuɗi, ko Nita, ko Al Izza, ko Amana. Zai bi layi, ya miƙa kwalin ta taga, a ƙirgo masa. Shi ma zai koma gefe ya sake ƙirgawa, a hankali, yana lasar yatsa, duk da ya ga an ƙirga a gabansa. Daga nan ba gida zai nufa ba, kasuwa zai shiga wajen ma'auna. Shekara da shekaru yana zuwa wajen nan yana cewa a auna masa tiya biyu zuwa ranar kasuwa. Yau zai biya tsohon bashi tukuna, sannan ya ce a ɗaure masa rabin buhu. Ya sayi sabulu, ya sayi sukari da ganyen shayi, ya sayi goro na 'yan dala. Mai amalanke ya ɗora, shi yana biye a baya, duk wanda ya gamu da shi ya ce, "Malam, an yi cefane?" sai ya amsa, "Yaron nan ne ya yi aike."

Wannan 'yar magana ta bakin hanya ita ce godiyar farko, kuma ba yaron aka yi wa ita ba, gari aka faɗa wa.

A cikin gida zai ce wa matarsa, "Ga saƙon yayansu." Ita kuma ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ci gaba da abin da take yi. Ba ita za ta yi guɗa ba. Kaka ce za ta rangaɗa, ko abokiyar zama, ko ƙanwar uba, su ne masu cewa haihuwa ta yi rana. Uwar sai an jima za ta kwance bakin buhun, ta auni kwano guda ta ba yarinya ta kai wa Malam sadaka, ta auni wani a kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka, ta raba goron gida-gida. Saƙon da 'yar aiken za ta faɗa guda ne: wane ya yi aike, a sa masa albarka. Duk wanda aka kai wa zai ɗaga hannu. Kafin magariba yaron da ke kwana a shagon wani a Kano ya sami addu'ar unguwa guda. Haka ake yi da albashin farko a yawancin ƙasar Hausa, ba a cinye shi a gida ɗaya, ana gutsura wa kawu da gwaggo da malamin allo, don kowa ya sa baki.

Da dare ƙani zai kira, ya miƙa wa uba wayar. Maganar ba ta da tsawo.

"Saƙo ya iso. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

"Amin, Baba. Ba yawa, a yi haƙuri."

"A'a, ba a cewa haka. Kana dai lafiya? Ka riƙe salla, ka riƙe amanar mutane."

"In sha Allahu, Baba. A gaida su Inna."

Inna tana nan zaune a bakin murhu, tana jin komai, ba za ta karɓi wayar ba. Sai dai ta ce wa ƙanin, "Ka ce masa ya riƙa cin abinci."

Wanda bai san mutanen nan ba zai ce godiyar ta yi kaɗan. Ni a ganina babu godiyar da ta kai ta nauyi. "Na gode" ana faɗa wa wanda ya ba ka hanya a kasuwa. Albarka kuwa iyaye kaɗai ke da irin tasu, kuma yaron ya tashi ya ga yadda ake nuna mutum a ce wane ɗan albarka ne, duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau, a nuna wani a ce bakin uwa ke bin sa. Ya ji a makarantar allo da wajen wa'azi cewa a Suratul Isra'i an gwama kyautata wa iyaye da bauta wa Allah, an sake jaddadawa a Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf. Saboda haka idan uba ya ce Allah ya ba ka masu yi maka, yaron ya san an biya shi da abin da ya fi so. Akwai ƙasashen da sai da aka kafa doka don tilasta wa 'ya'ya ɗaukar nauyin tsofaffinsu: Singafo ta yi tata a 1995, Indiya ta yi a 2007. A Gure babu alƙalin da ya aika wa yaron nan sammaci. Tausayi ne da neman albarka suka sa shi ya rage cin abincinsa ya yi aike.

Akwai kuma abin da uba ke ji wanda ba ya faɗa ko ga matarsa. Mutumin da ya saba shi ke bayarwa, yau ɗan cikinsa ne ya fitar da shi kunyar mai awo. Daɗi ne da wani ɗan ɗaci a ƙarƙashinsa. Dattijai da yawa sun fi jin daɗin ranar don mutuncin da ta dawo musu da shi, fiye da hatsin kansa: yanzu in an yi rasuwa a dangi zai iya zuwa gaisuwa da abin sadaka a aljihu, in an yi suna zai iya miƙa nasa, in matarsa ta kwanta zai iya sayen maganin da likita ya rubuta ba tare da ya kai akuya kasuwa ba. Yaro mai hankali yana gane wannan, shi ya sa yake aikawa ta hannun uba ko da ya san uwa ce za ta sarrafa, don kada girman maigida ya faɗi a gidansa.

Sai dai fa akwai wadda ta riga shi fara taimako da shekaru, kuma ba a taɓa raba goro saboda ita ba. Babbar 'ya mace tun tana shekara bakwai ko takwas take goyon ƙanne. Ita ce a rijiya da asuba, ita ce a bakin turmi, ita ce ke shiga daji neman itace, ita ce ke ɗaukar tallan ƙuli-ƙuli ko dafaffen rogo zuwa tasha. In uwa ta haihu, ita ce uwar gidan har a yi arba'in. In ana saƙar tabarmar kaba, wadda mata da yawa a wannan yanki ke rufa wa kansu asiri da ita, hannunta na ciki. Kuɗin tallanta ne ke sayen gishiri da daddawa, da shi ake tara mata kayan ɗaki, wato ita ke yi wa kanta rabin aurenta. Aikin nata ba ya zuwa da lambar sirri, ba a bin layi a karɓo shi, shi ya sa ido ba ya ganin sa. Kuma ita ce ke fara biyan kuɗinsa da karatunta. Yarinyar ƙauye da ta gama firamare, in babu kwaleji kusa, sai an nemo mata gidan da za ta zauna a gari, iyaye kuwa ba su cika yarda ba, balle ga aikin gida yana jiran ta. Alƙaluman 2012 sun nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Wannan matsala ce ta sa aka buɗe makarantar kwana ta 'yan mata a Kelle a 2021, zamanin shugaba Mohamed Bazoum. Ko bayan ta yi aure ba ta dainawa. Duk mai zuwa garinsu sai ta ba shi ƙullin wani abu ya kai wa Inna, ko sabulu, ko man gyaɗa, ko 'yar jika guda da ta cire daga adashi. Uwa ta san wannan sarai, don ita ma haka ta yi wa tata uwar. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne, a gida ɗaya, ɗa namiji ya yi aike sau ɗaya unguwa ta ji, 'ya mace ta yi shekara goma tana yi babu wanda ya ce mata sannu.

Shi ma namijin, daga saƙon farko zuwa na goma abubuwa kan canza. Na farko kyauta ne, ana murna. Na uku an fara sa rai. Na goma ya zama kamar haraji, in ya makara sai a ji ƙani ya kira: "Baba ya ce a tambaya ko lafiya." Kuɗin makarantar ƙanne ya koma kansa, ragon layya ya koma kansa, auren ƙanwa, jinyar gwaggo, gyaran katangar da ruwa ya kayar. Shi kuwa ba ya faɗin halin da yake ciki. Ba zai ce a kangon gini yake kwana ba, ba zai ce garin kwaki da ƙuli ne abincinsa na rana ba, ba zai ce mai babur ya ƙwace babur ɗinsa ba. In ya yi hoto zai aiko, sai ya ari rigar aboki. Sa'o'insa suna aure yana cewa sai baɗi. Akwai ma uban da, da ya ga buhu na shigowa a kai a kai, sai ya ga ai dama ta samu ta ƙara aure, ya ƙara wa yaron bakunan da zai ciyar. Wannan ba godiya ba ce, kuma ya kamata malamai su riƙa faɗa a kan mumbari.

Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ma ba su goyi bayan haka ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan duk almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa da Barno ya bi ta kanta, ta wajabta wa mutum ciyar da matarsa, da iyayensa idan matalauta ne, da ƙananan 'ya'yansa. Ba ta wajabta masa ciyar da sauran dangi ba. Ke nan a mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da ƙanne hakki ne a kan uban da ya haife su. Idan yayansu ya ɗauka, alheri ne ya yi da sada zumunci, lada yake nema. Uban da ya san haka ba zai karɓi kuɗin makarantar ƙanne kamar bashi aka biya shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gori. Ɗan maƙwabci ya tafi Libiya, shekara biyu ya aiko an yi ginin siminti, an sa ƙofar ƙarfe. Ba sai an ce wa naka yaron komai ba. Ya isa a riƙa yabon ɗan wane a gabansa lokacin cin tuwo. Wata rana za a wayi gari ya sayar da wayarsa da 'yar tinkiyarsa ya hau motar Agadas. Hanyoyin da samarin wannan yanki ke bi kuwa, cikin shekarun nan babu wadda ba ta ci mutane ko ta toshe ba. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban 'yan Nijar gida hannu rabbana, waɗanda suka koma daga baya kuma suka tarar da masu tsare mutane suna neman kuɗin fansa. Zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, samari suka yi ta kwarara, gwamnati ta rufe wurin a 2017, wasu suka zarce Cibarakatan kusa da iyakar Aljeriya, inda rami ke rufta wa mutane. Ta gabas, tun da hare-haren Boko Haram suka shigo jihar Difa a watan Fabrairu na 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka taƙaita cinikin kifi da tattasai, ayyukan da 'yan cin rani ke samu a bakin Komadugu da tafkin Cadi suka ragu ƙwarai. Ta kudu, Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Naira kuma ta faɗi: dalar Amurka da ake canzawa a hukumance kan naira 460 da 'yan kai a tsakiyar 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Yaron da ke Kano yana aiki kamar da, ko fiye, amma in aka juya kuɗinsa zuwa sefa sai a ga abin ba ya sayen rabin abin da yake saye. A gida kuwa wani uban gani yake yaron ne ya canza hali.

Mutanen jihar Damagaram ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kantche. Abin da ya fitar da su shi ne abin da ke fitar da kowa, neman abin da za a aiko gida.

A nan ake gane iyayen da godiyarsu ta kai zuci. Saurayin da neman bai karɓe shi ba, ba ya shigowa gari da rana. Yakan sauka a tasha ya jira duhu, sannan ya lallaɓo da 'yar jakarsa. Wani ma ba ya dawowa sam, shekara biyar, shekara bakwai, ba don ya manta da gida ba, kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe shi. Uban da ya sa albarka ranar buhu, in ya ga wannan yaron a zaure cikin dare ya ce, "Sannu da hanya, ka dawo lafiya, shi ne babba," ya sa a ɗumama masa tuwo, washegari ya fita da shi masallaci kafaɗa da kafaɗa, to albarkar tasa ta gaskiya ce. Wanda kuwa ya tsuke fuska ya tambayi abin da aka zo da shi, ya nuna wa sauran ƙannen cewa a gidan nan kuɗi ake sa wa albarka.

Iyaye mata na karkara suna da wata dabara da ta cancanci a yaba. Duk saƙon da ya zo, sai uwa ta ɗan tsakuri wani abu ta ɓoye, ko da gidan na bukata. In ya taru ta ba wani amintacce ya sayo mata 'yar akuya a kasuwar Gidigir ko ta Gure, ta ce ta yayansu ce. Akuya ta haihu, a sayar da ɗan bunsuru a sayi tinkiya, a turke rago saboda Babbar Salla. Yaron bai sani ba. Sai ranar da maganar aurensa ta taso, ko ya dawo ba shi da jari, sannan za ta aika ƙaninsa ya nuna masa garken, ita tana ɗaki. Matar da ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa ce masa ta gode ba, ta yi shekaru tana yi masa tanadi daga cikin abin da ya ba ta. Akwai iyaye maza ma masu irin wannan hali, waɗanda in kaka ta yi kyau za su sa a kira yaro a ce, "Wannan watan da mai zuwa kada ka aiko, mun sami wake, ka riƙe abinka ka yi jari." Wasu sukan yanka masa fili a gefen gida tun bai tambaya ba. Waɗannan sun riƙe rabin gandun da ya rage a hannunsu, wato hakkin da ke kan uba, ko da ƙarfinsu ya ƙare.

Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, ta koya wa iyaye kawaici, ta hana su fifita nasu a kan 'ya'yan dangi, ba na kiran a yar da ita. Amma an yi ta ne a zamanin da yaro ke gona ɗaya da ubansa, yana ganin fuskarsa safe da yamma, yana gane yarda ko ba a furta ba. Yaron da ke Sabha ta Libiya ko Legas ba ya ganin fuskar kowa, muryar da ke cikin waya kaɗai gare shi. Don haka ina roƙon iyaye, na Gure da na ko'ina: ku sa albarkar yadda zai ji da kunnensa, in kunya ta hana, ku ba kaka ko kawu saƙon su isar. Ku kira shi wani lokaci ba don an ga wata ya ƙare ba. Ku tambaye shi inda yake kwana. Ku gaya masa tun yana can cewa in neman ya ƙi, ya dawo da rana tsaka, gidan ubansa ne. Ita kuma yayarsu mace da ke bakin turmi tun asuba, a kira ta yau a sa mata tata albarkar, in kuma tana makaranta a bar ta ta gama.